Maris 1921 a Rasha: an buɗe kasuwa, an rufe baki

Jama'a, akwai maganar da ke yawo cewa wai a 1921 Lenin, jagoran Rasha na lokacin, ya saduda, ya jingine gurguzu, ya sakar wa mutanen Rasha mara. Kasuwa kam ya buɗe. Abin da ake tsallakewa shi ne abin da aka yi wa bakin jama'a a makon nan guda.

Mu bi ta baya da sauri. A 1917 'yan Bolshebik, wato jam'iyyar Lenin, suka karɓe mulki, a 1918 yaƙin basasa ya ɓarke. Gwamnati ta ƙwace masana'antu, ta haramta saye da sayarwa, kuɗi ya zama takardar banza.

Masu kwasar hatsi na gwamnati, da bindigogi da keken doki, suka nufi ƙauye. Daga Mosko ake yanke yawan hatsin da ake so, a raba wa larduna, lardi ya raba wa ƙauyuka, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. A buɗe rumbu, a tona ƙasa a nemo wanda aka binne, sau da yawa har iri ake haɗawa a tafi da shi. To manomi ba wawa ba ne. Ya ga duk abin da ya noma kwashewa za a yi, sai ya rage gona. Birane suka shiga yunwa, manoman lardin Tambov suka ɗauki makami.

Yanzu ku natsu, nan ne wurin.

Kronstadt sansanin sojan ruwa ne a kan wani tsibiri kusa da Petrograd, wato St. Petersburg na yanzu. Sojojinsa na cikin waɗanda suka ɗora Bolshebik kan mulki, amma a farkon Maris 1921 suka yi bore. Suna neman sabon zaɓen majalisun ma'aikata ta ƙuri'ar sirri, da 'yancin magana ga ma'aikata da manoma, da a bar manomi da gonarsa. A daidai lokacin jam'iyya na babban taronta na 10 a Mosko.

Taron ya soke kwasar hatsi, ya kawo haraji. Manomi zai san abin da ke kansa, ya biya, sauran nasa ne, ya kai kasuwa in ya ga dama. Mafarin Sabon Tsarin Tattalin Arziki ke nan, wato NEP. A zauren nan dai, wakilan nan dai, suka haramta kafa ɓangarori a cikin jam'iyya, wanda ya yi a kore shi. Wakilai wajen 300 ma barin taron suka yi, suka bi sojoji ta kan ƙanƙara aka afka wa Kronstadt. Zuwa 18 ga Maris an gama da ita. Wajen mutum 8,000 suka tsere Finland, sama da 2,000 aka yanke wa hukuncin kisa.

Kun ga an biya musu buƙatar ciki, buƙatar zaɓe kuma aka amsa ta da harsashi. A ganina abubuwan biyu tare aka tsara su. Lenin da kansa ya kira NEP ja da baya, ya ce rundunar da ke ja da baya ta fi buƙatar tsananin horo. Jam'iyya na tsoron duk wanda ya samu 'yancin sayar da hatsinsa, gobe ƙuri'a zai nema.

Kuma sauƙin ya zo a makare. A hotunan yunwar yankin Volga ta 1921 zuwa 1922 akwai na yara da zuciya ba ta ɗauka. Kusan mutum miliyan 5 suka rasu, duk da abincin agaji da ya zo daga Amurka.

Shaguna suka buɗe, amma a 1922 'yan sandan asiri na Cheka suna kawai suka canza zuwa GPU. Aka gurfanar da shugabannin 'yan hamayya, aka loda masana a jiragen ruwa aka kore su daga ƙasa, a 1923 aka buɗe sansanin fursunoni na Solovki. Da Stalin, wanda ya gaji Lenin, ya tashi rushe NEP, dokar hana ɓangarori ya riƙe. Bukharin, wanda ya fi kowa kare tsarin, an cire shi daga manyan jam'iyya a 1929, aka harbe shi a 1938.