Mai Gadi Ne Ko Mai Gida? Lacca Kan Manhajar Riga-kafi da Sabuntawa Ba Izini

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayena da malamaina, 'yan'uwana masu shagunan kwamfuta da kuka taso daga Wunti da Gwallameji, da ɗalibanmu na Yelwa, ina yi muku barka da zuwa. Abubuwa huɗu na yi niyyar kawowa a kan manhajar riga-kafi, wadda muka fi sani da antibairos, da ɗabi'ar da wasu daga cikin irinta suka ɗauka ta sabunta sauran manhajojin da ke cikin kwamfuta ba tare da sun tambayi mai ita ba.

Na farko, mu yi wa kamfanonin adalci, domin suna da hujja. Tsohuwar manhaja kamar katangar ƙasa ce da damina ta ci gindinta, ta nan ɓarawo yake shiga. A watan Maris na 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a cikin Windows, mutane da yawa ba su saka ba, sai ga cutar WannaCry a ranar 12 ga Mayu ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Saboda haka kada wani ya fita daga ɗakin nan ya ce na hana sabuntawa.

Na biyu shi ne izini, kuma a nan zan daɗe, ku yi haƙuri da ni. Idan ka ɗauki mai gadi, ka ba shi makullan gida ne domin ya tsare. Ya halatta ya zo ya ce maka, "Maigida, ƙyauren zaure ya ruɓe, ya kamata a canja." Wannan aikinsa ne, har ma ka gode masa. Amma ka dawo daga kasuwa ka tarar ya cire ƙyauren, ya kira kafinta, ya biya shi daga aljihun rigarka, sannan makullinka ya daina buɗe ɗakinka, wannan fa ya wuce gadi. Mu a tarbiyyarmu, ko gidan ɗan'uwanka ba ka faɗawa sai ka yi sallama, idan ka yi sau uku ba a amsa ba ka juya. To me ya sa abin da ba mu yarda ɗan Adam ya yi mana ba za mu bar manhaja ta yi?

Kamfanonin za su ce ai ka yarda, tun ranar da ka danna maɓallin amincewa a ƙarƙashin doguwar takardar nan ta Turanci. Don Allah wanda ya taɓa karanta ta daga farko har ƙarshe ya ɗaga hannu. Kun gani, hannu ɗaya ne, can baya, Allah ya ƙara basira. Yardar da aka karɓa daga wanda bai san abin da ya yarda da shi ba, sunanta kawai yarda.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wani abokina mai shagon buga takardu ya kira ni da sassafe, lokacin rajistar jarrabawa, yara sun yi layi har bakin titi. Da daddare manhajar riga-kafinsa, ba zan kama sunan kamfanin ba, ta sabunta masa manhajoji da dama, ciki har da wadda na'urar ɗaukar hoton yatsa take dogara da ita. Na'urar tsohuwa ce, ba ta jituwa da sabon zubi. Datar da ya saya ta wata guda ta tafi, janareta yana shan mai, yara suka watse zuwa wani shagon. Babu ɓarawon da ya shiga, babu cutar da ta kama kwamfutar, mai gadin ne ya jawo asarar. Wanda ya tsara manhajar a Turai yana zaune da intanet marar iyaka da wutar da ba ta ɗaukewa. Bai san cewa a nan ana ƙirga kowane megabait ba, balle bayan ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025. Bai kuma san cewa wuta tana iya ɗaukewa ana tsakiyar sabuntawa, manhaja ta tsaya ba tsohuwa ba sabuwa ba. Ina maimaitawa, mai kwamfuta ne ya san lokacin da ya dace, shi ya kamata a tambaya.

Kuma abin ya wuce ƙananan shaguna. A watan Satumba na 2024, bayan gwamnatin Amurka ta haramta sayar da manhajar riga-kafi ta Kaspersky, masu amfani da ita a can suka wayi gari ta goge kanta, wata manhaja mai suna UltraAV ta maye gurbinta. Kamfanin ya ce ya aika saƙon imel tun kafin lokacin, amma da yawa sun ce ba su san za a girka musu wani abu kai tsaye ba.

Na uku, ko na huɗu ne yanzu? To, na gaba dai, lokaci ya ja. Manhajar tsaro tana zaune ne a can cikin zuciyar kwamfuta, shi ya sa kuskurenta yake da girma. Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, sabuntawa guda ɗaya daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna suka tsaya, aka riƙa bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya ana gyarawa da hannu. Haka kuma cutar NotPetya a 2017 ta hanyar sabuntawar wata manhajar lissafin haraji ta Yukiren ta yaɗu.

Abin yi a taƙaice: ku shiga saitin manhajar, ku nemi sashen sabunta sauran manhajoji, ku mayar da shi kan sanarwa kawai. Sabuntawar jerin cututtukan da take ganewa kuwa ku bar ta tana tafiya da kanta. Ku gaya wa Windows cewa datarku ta awo ce, akwai wurin yin hakan. Mai kwamfutoci goma ya gwada a kan guda ɗaya tukuna.

Na'am, Hajiya, bismillah. A miƙa mata lasifika.

Ga waɗanda ba su ji ba, Hajiya tana cewa yawancin manhajojin da ake saka mana a kasuwa ba na saye ba ne, fasassu ne, da zarar an sabunta su sai su kulle, shi ya sa masu gyara suke kashe riga-kafin gaba ɗaya. Hajiya, kin taɓo inda yake ciwo, kuma gaskiya ɗaya ce. Wanda ya fasa manhajar nan ya raba ta kyauta, ba mu san abin da ya cusa a ciki ba, kuma sharaɗinsa na farko shi ne ki kori mai gadi kafin ya shigo. A kwamfutar da kike shiga asusun banki ko kike ajiye takardun mutane, ba zan ba ki shawarar haka ba ko kaɗan. Windows yana zuwa da riga-kafinsa mai suna Defender ba tare da ƙarin kuɗi ba, sannan manhajar aikin ofis ta LibreOffice kyauta ce ta halal, tana buɗe takardun Word da Excel. Idan an idar da sallar La'asar ki kawo kwamfutar nan gaba, mu duba saitin tare, duk mai so ya tsaya ya gani.