Amsoshin Tambayoyinku: Jinya a Gida Bayan Tiyatar Yini Ɗaya

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware domin yau sun taru ne a kan abu guda, wato halin da mutum yake shiga idan an yi masa tiyata da safe, aka kuma sallame shi kafin dare ba tare da ya kwana a asibiti ba.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wata baiwar Allah da aka yi wa maigidanta aikin ƙaba. Ta ce an sallame shi sa'o'i kaɗan bayan ya farfaɗo, yana layi saboda jiri, kuma tana so ta san ko wannan sakaci ne daga likitoci.

Malama, Allah ya ba shi lafiya. Sallamar majiyyaci a ranar da aka yi masa aiki tsari ne da likitoci suka daɗe da amincewa da shi, domin tun a shekarar 1909 wani likitan tiyata mai suna James Nicoll a birnin Glasgow na Birtaniya ya ba da rahoton ayyuka kusan 9,000 da aka yi wa yara, aka mayar da su gida a ranar. A yau haka ake yi wa masu ƙaba da masu yanar ido da da yawa daga cikin waɗanda ake cire wa matsarmama. Kafin a bar mutum ya tafi, ana tabbatar da cewa hankalinsa ya dawo, numfashinsa da bugun zuciyarsa sun daidaita, zafin ya lafa, kuma yana iya shan ruwa da takawa da ƙafarsa. Abin da iyalai suka fi kuskurewa shi ne ɗaukar sallama a matsayin warkewa, alhali jinyar ce kawai ta tashi daga hannun ma'aikatan asibiti ta koma hannunsu. Maganin sa barci yakan ɗauki kimanin sa'o'i 24 kafin tasirinsa ya gushe, kuma a cikin wannan lokaci majiyyaci yakan ji kamar ya wartsake, duk da cewa tunaninsa da zafin namansa ba su koma daidai ba. Saboda haka kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya taɓa inji, kada ya sa hannu a wata takarda mai muhimmanci, kuma dole wani baligi ya kwana tare da shi a daren farko. Jirin da kika gani da tashin zuciya da kaushin maƙogwaro, wanda bututun numfashin da ake sa wa majiyyaci lokacin aiki yake haddasawa, sukan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai ki sa ido a kan fitsari, domin bayan aikin ƙaba ko allurar kashe zafi da ake yi a gadon baya yakan riƙe wa wasu. Idan ya kai sa'o'i 8 zuwa 12 bai yi ba, ga mara ta cika tana ciwo, a koma asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Wani mai sauraro kuma ya rubuto cewa an cire masa matsarmama ta ƙananan huji a ciki, amma abin mamaki kafaɗarsa ta dama ce take damunsa da ciwo. Malam, a irin wannan aiki ana hura iskar kabon dayoksaid cikin ciki domin likita ya sami sararin gani da na'urarsa. Ragowar iskar takan dami tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar da ke kula da wannan tantani kuwa tushenta ɗaya da jijiyoyin kafaɗa, shi ya sa ƙwaƙwalwa take jin zafin a can. Jiki yakan shanye iskar cikin kwana biyu ko uku, kuma tattaki a hankali yana taimakawa.

Tambaya ta uku ta shafi maganin ciwo, daga wani da ya ce yana daurewa ne har sai zafin ya gagare shi, domin yana tsoron kada jikinsa ya saba da magani. A ganinmu wannan dauriyar ba ta da riba. Wanda ciwo ya ɗaure shi ba ya iya jan numfashi sosai, ba ya tari, ba ya tashi ya taka, waɗannan ukun kuwa su ne suke kare huhu daga cutar namoniya, suke kuma hana jini daskarewa a ƙafa. Ya fi kyau a kwanaki biyu ko uku na farko a sha maganin a kan lokacin da aka rubuta, daga baya a riƙa ragewa. Amma akwai iyaka da ba a tsallakewa: baligi ba ya wuce giram 4 na farasitamol cikin sa'o'i 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, tare da tazarar aƙalla sa'o'i 4 tsakanin sha da sha, saboda wuce haka yana lalata hanta. A lura cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da farasitamol, mutum yana iya ninka adadin bai sani ba. Ibuprofen bai dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba sai da izinin likita. Kodin da taramol kuwa, waɗanda tsoron sabo da su yake da tushe, na 'yan kwanaki ne kawai, kuma suna sa taurin bayan gida, abin da yake wahalar da mai ɗinki a ciki idan ya zo yunƙuri. Shan ruwa da yawa da cin kayan lambu da 'ya'yan itatuwa suna sauƙaƙa wannan.

Wasiƙu da dama sun yi tambaya a kan wanka da kula da ɗinki, don haka za mu haɗa su wuri ɗaya. Fatar da aka ɗinke takan haɗe bakinta cikin sa'o'i 48, shi ya sa ake cewa a bar wurin a bushe a ƙarƙashin bandejinsa na tsawon wannan lokaci. Bayan nan, idan likita bai hana ba, ana iya watsa ruwa a jiki, a tsane wurin da tawul mai tsabta ba tare da gogawa ba, amma ba a jiƙa shi cikin ruwa, ba a kuma shafa masa mai ko hoda ko wani haɗi da ba asibiti ne ya bayar ba. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa bandeji. Wani zaren yakan narke da kansa, wani kuma sai an cire: na fuska yawanci bayan kwana 5, na sauran jiki tsakanin kwana 7 da 14. Ɗan ja a bakin yankan da ɗan kumburi da ƙaiƙayi duk alamun warkewa ne. Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne ciwon da ya fara sauƙi sannan ya juyo yana ƙaruwa, ko jan da yake faɗaɗa, ko mugunya mai wari, ko zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin Salshiyos. Irin wannan ruɓar rauni ba kasafai take bayyana a ranar farko ba. Takan fito ne bayan 'yan kwanaki, daidai lokacin da iyali suka saki jiki, kuma tana iya zuwa ko'ina cikin kwana 30. Masu ciwon sukari su ƙara kula da awonsu, masu shan taba kuma su sani cewa sinadarin nikotin yana tsuke hanyoyin jini, yana rage iskar da rauni yake bukata domin ya warke. Idan jini ya jiƙe bandeji, a ɗora ƙyalle mai tsabta a danne na minti 10 zuwa 15; idan bai tsaya ba, a tafi asibiti.

Ta ƙarshe daga wani matashi ce mai aikin ƙarfi, wanda yake tambaya ko kwanciya tsaf ce za ta sa ya koma aiki da wuri. Ɗan'uwa, kwanciya yini guda a gado cutarwa take yi, domin jini yana iya dunƙulewa a jijiyar sharaɓa, gudan kuma ya ɓalle ya toshe hanyar jini a huhu. Ka riƙa tashi kana zagayawa a cikin gida tun daga washegari, kana ƙara nisa kullum. Ɗaukar kaya mai nauyi dai zance ne dabam, saboda naman da ke ƙarƙashin fata yana jinkirin yin ƙwari fiye da yadda ido yake gani; bayan aikin ƙaba mai aikin zama yakan koma cikin mako ɗaya ko biyu, mai aikin ƙarfi kuwa akan ce ya dakata mako 4 zuwa 6, gwargwadon abin da likitansa ya gani ranar komawa dubiya. Idan kuma ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ka ga likita a ranar, idan ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi suka zo kwatsam, a kai ka sashen gaggawa nan take.