Ƙwayar da Ba ta Fito daga Kantin Magani ba: Gargaɗi daga Bronx

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo. Ina magana da ku ne daga unguwar Bronx da ke birnin New York, inda Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya suke da yawa, kuma batun yau ya shafi kowane ɗaya daga cikinmu da ke zaune a Amurka, ko da kuwa bai taɓa kusantar shaye-shaye ba. Batun shi ne ƙwayoyin jabu da ake cuɗa su da fentanil.

Fentanil magani ne na gaskiya, wanda likitoci ke amfani da shi wajen tiyata da kuma rage raɗaɗin ciwon daji, amma ƙarfinsa ya ninka na hodar heroin sau 50, ya ninka na mofin sau 100. Ku dubi tsinin wannan fensir da na riƙe. Abin da zai zauna a kansa, wato miligiram 2, shi ne adadin da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, DEA, ta ce yana iya kashe mutum. Fentanil ɗin da ke yawo a titi ba daga asibiti yake fitowa ba. Gungun masu safara na Sinaloa da Jalisco a Meziko ne ke haɗa mafi yawansa da sinadaran da akasari ake samowa daga Sin, sannan su danne shi da injin buga ƙwaya har ya fito da kamannin magungunan da likita ke rubutawa, irin su Xanax ko Adderall ko Percocet. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce 'yar shuɗiyar nan mai harafin M a gefe ɗaya da lamba 30 a ɗaya gefen, wadda ake kwaikwayon maganin rage raɗaɗi na oksikodon da ita, kuma ido ba ya iya rabe ta da ta ainihi.

Abin da ya sa lamarin ya fi tsanani shi ne, masu haɗin ba su da awo irin na kamfanin magani. Kamar yajin da aka barbaɗa a tsire da gaggawa, wani yankan ya sha da yawa, wani ko ƙura bai samu ba, haka fentanil ɗin yake taruwa a ƙwaya ɗaya ya bar wata. Saboda haka mutum biyu za su iya raba leda ɗaya, ɗaya ya tashi lafiya da safe, ɗaya kuwa a same shi ya rasu a kan gadonsa. A 2021, lokacin da DEA ta fara gangamin wayar da kai a kan haka, gwajinta ya nuna ƙwaya 4 cikin kowace 10 na jabun da ke ɗauke da fentanil tana da adadin da zai iya kisa, kuma a 2023 abin ya kai 7 cikin 10. A waɗancan shekarun mutum sama da 100,000 ne ke mutuwa a Amurka kowace shekara sakamakon wuce kima wajen shan ƙwayoyi, mafi yawansu ta hanyar fentanil. Shahararren mawaƙin nan Prince ma, da ya rasu a 2016, bincike ya nuna ƙwayar rage ciwo ta jabu ya sha.

A nan ne nake ganin mu muka fi kowa buƙatar kiyayewa, saboda tarbiyyar da muka taso da ita game da magani. A gida, idan baya ya riƙe ko kai ya sara, sai a aiki yaro kyamis, ko maƙwabci ya ɓallo maka biyu daga katinsa, kuma ƙin karɓa ma rashin kunya ne. Mun taho da wannan ɗabi'a cikin jakunkunanmu. Direban tasi da ya wuni a zaune ƙugunsa na ciwo, ba shi da inshorar lafiya, yana tsoron kuɗin asibiti, abokin aikinsa ya miƙo masa ƙwaya da kyakkyawar niyya, alhali shi ma abokin bai san inda ta samo asali ba. Ɗalibi kuma jarrabawa ta matso, aka ce masa Adderall na hana barci, ya saya a hannun wani da ya haɗu da shi a kafar sada zumunta. Ni dai ra'ayina a fili yake: duk ƙwayar da ba likita ne ya rubuta da sunanka ba, ba kuma kantin magani mai lasisi ne ya miƙo maka ita ba, kada ta shiga bakinka, ko da ɗan uwanka na jini ne ya ba ka.

Ga wannan ɗan kwalin kuma. Sunansa Narcan, maganin naloksan ne da ake fesawa a hanci don farfaɗo da wanda fentanil ya tsayar wa numfashi, kuma tun 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a sayar da shi ba tare da takardar likita ba, a nan New York ma sashen lafiya na birni yana raba shi kyauta. Na san wasu iyaye za su ce ajiye shi a gida tamkar zargin 'ya'yansu ne, amma ni ban ga zargi a ciki ba.

Idan kun tarar da mutum ba ya farkawa duk girgizar da aka yi masa, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana wani irin munshari mai kama da kakari, leɓɓansa sun yi toka-toka, ƙwayar idonsa ta tsuke, to ku kira lambar agajin gaggawa, 911, nan take. Kada a ɗura masa madara ko manja kamar yadda aka saba a gida, domin zai iya shaƙewa. A zura kan feshin a ƙofar hanci ɗaya a danna sau ɗaya, idan bai motsa ba bayan minti 2 zuwa 3 a buɗe sabo a fesa a ɗaya ƙofar, sannan a kwantar da shi ta gefe. Jihar New York tana da doka tun 2011 da ke kare mai kiran agaji daga tuhumar mallakar ƙwaya 'yar kaɗan. Ko ya farfaɗo ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kada ku bar shi ya tafi, domin ƙarfin naloksan yana gushewa cikin minti 30 zuwa 90, kuma fentanil ɗin da ya rage a jikinsa yana iya sake tsayar masa da numfashi kafin motar asibiti ta kai shi gaban likita.