Darasi: Yadda Ake Kumbura Rigar Sanyi Mai Ciko a Manhajar CLO

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa teloli da masu zanen tufa, barkanmu da sake haɗuwa. Yau rigar sanyi mai ciko za mu ɗinka, irin jaket ɗin nan mai gaɓa-gaɓa da 'yan acaɓa ke sawa da asuba idan hunturu ya kankama. A CLO za mu yi aikin, manhajar zana tufa da gwada ta a kwamfuta, ta kamfanin CLO Virtual Fashion na Koriya ta Kudu. Mai amfani da Marvelous Designer ma ya zauna, kamfani ɗaya ne ya yi su, kuma kusan duk maɓallan da zan taɓa suna can da sunayensu.

Kafin na taɓa kwamfuta, ku kalli abin da ke hannuna. Wannan jaket ce ta gaske, a gwanjo na saye ta. Bari na matso da ita kusa da kyamara. Kun ga layin ɗinkin nan? A kansa rigar ba ta da kauri ko kaɗan, domin allura ta haɗe yadin waje da shafi wuri guda. Daga layin sai ta fara tashi a hankali, ta kai ƙololuwa a tsakiya, ta sake gangarowa zuwa layi na gaba. Sannan ku dubi 'yan ƙananan tattarar nan da suka jeru a gefen ɗinkin, kamar bakin buhu da aka ɗaure. Waɗannan tattarar su ne za su sa mai kallo ya yarda riga ce yake gani. In babu su, balan-balan ka yi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya san wannan fasaha a jikin 'yan lifida. Ƙyalle biyu, ciko a tsakani, ɗinki ya ratsa ya riƙe cikon kada ya zube ƙasa. Dabarar ke nan, ita ce kuma Ba'amurken nan Eddie Bauer ya yi wa rajista a 1940 a kan jaket ɗinsa mai cikon gashin tsuntsu. To amma ga inda muka bambanta da mai ɗinkin lifidi: shi auduga yake turawa, mu kuwa babu abin da muke turawa. Cikin rigarmu fanko ne. Abin da manhaja ke yi kawai, tana tura yadin waje ya yi gaba, tana tura shafi ya yi baya, da wani ƙarfi da ta kira Pressure. Ku riƙe wannan da kyau, domin kusan duk wata matsala da za ku haɗu da ita daga nan take tasowa.

Bismillah, mu fara. Ga fatan ɗina a tagar dama: gaba biyu, baya ɗaya, hannu biyu, da kwala. Na riga na haɗa ɗinkinsu, na sa wa mutum-mutumin da manhajar ke gwada tufa a jikinsa, yadi ɗaya tak, ba shafi. Kada ku yi gaggawar yin shafi. Ku tabbata rigar ta zauna tukuna, kuma tana da yalwa sosai a ƙirji da hammata, fiye da yadda za ku ba wa shat. Particle Distance kuwa ku bar shi a 20, yadda manhajar ta zo da shi. Shi ne girman idon ragar da aka saƙa yadin da ita, kuma a wannan matakin raga mai manyan ido ta fi sauri.

Yanzu layukan ɗinki. Na zaɓi layin ƙasan riga a ɗaya daga cikin gaba biyun, na danna ɓangaren dama na linzami, na ɗauki Offset as Internal Line. Tazara santimita 8, layi bakwai. Haka zan yi wa baya da ɗaya gaban, ina lura layukan su haɗu daidai a ɗinkin gefe, don ido yana saurin kama layin da ya goce. Dole a ja layukan nan kafin a yi shafi. Dalili shi ne, idan na zaɓi fatan ɗin na danna Layer Clone (Under), manhajar za ta kwafo shi ta ajiye a ƙarƙashi, ta ɗinke bakin gaba ɗaya, ta kuma ɗinke kowane layi na ciki da ɗan uwansa. Wanda ya yi shafi kafin layi, sai ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Ga shafi ya fito. Kafin ku sa lamba a Pressure, ku duba inda fuskar kowane yadi ta kalla, domin ƙarfin yana tura yadi ne ta wajen fuskarsa. Idan fuskar shafi tana kallon jikin mutum-mutumin, ta waje kuma tana kallon waje, to lamba ɗaya za ku ba su duka biyun. Idan kuwa wuri ɗaya suke kallo, ko dai ku juya fuskar shafin da Flip Normal, ko ku ba shi lambar da alamar ragi a gabanta. Farkon koyona na kwana biyu a kan wannan. Da na kunna sai rigar ta tashi sama tana neman ficewa daga jikin mutum-mutumin, ina ta ƙara nauyin yadi a banza, ashe yadudduka biyun ne ke tura juna hanya ɗaya babu mai tare wani.

Ni da 5 nake farawa. Na danna doguwar sandar allon rubutu, wadda ke kunna motsin yadi, ku kalla. Ta fara tashi. Na mai da shi 10. To a nan mafi yawan mutane ke ɓata, suna ganin kumburin bai isa ba sai su yi ta hawa, 40, 60, har rigar ta fara rawa. Ku tsaya mu yi lissafi. Tsakanin layi da layi santimita 8 ne a waje, 8 a ciki. Ko da za ka hura shi ya zama zagaye cif kamar bututu, kewayensa 16 ne, faɗinsa kuwa bai wuce santimita 5 da ɗigo ɗaya ba. Ma'ana kumburi ba kyauta yake zuwa ba, daga tsawon riga yake ci. Ko rabin santimita kowace gaɓa ta ci, gaɓa takwas sun cinye santimita 4. Shi ya sa kuka ga ƙasan rigar ya haura, hannu ya bar wuyan hannu a waje. Telan da ya saba ɗinka katifa ko matashi ya san haka tun da daɗewa, yana yanka da rara.

Saboda haka abin da riga ke nema yadi ne, ba ƙarin iska ba. Akwai hanya biyu. Idan hoto kawai kake so, zaɓi yadin waje kaɗai, ka je Shrinkage Weft da Shrinkage Warp, masu ƙara ko rage faɗi da tsawon yadi a jikin mutum-mutumin, waɗanda suke a 100, ka mai da su 104 ko 105. Ku kalli allo. Pressure yana nan a 10 ban taɓa shi ba, amma gaɓoɓin sun cika, tattara ta fara fitowa a bakin ɗinki, kuma tun da shafi bai ƙaru ba, kumburin ya fi yin waje maimakon ya matse jiki. Amma idan fatan ɗin nan za a buga a kai teburin yanka, wannan ba ta wadatar ba, domin lambar ba ta canja girman takardar da za ta fito. Sai ka koma kan fatan ɗin da kansa ka ƙara tsawo, gaɓa bayan gaɓa. Ina roƙonku kada ku raina wannan, yadin mutane ne za a yanka.

Sai zaɓen yadi. Irin waɗannan jaket da nailan marar nauyi ake yinsu, mai santsi, wanda ba ya miƙewa. Ku ɗauki makamancinsa a ma'ajiyar yaduddukan manhajar. Idan kuka bar yadi mai miƙewa, zai sha iskar ya yi sumul, tattara ba za ta fito ba ko kun kwana kuna jira. Ku kuma sani da zarar an canja yadi sai an sake duba Pressure, saboda lambar da ta dace da mai nauyi takan yi wa marar nauyi yawa.

Hammata ita ce wurin rigima. Hannu ya kumbura, gefen riga ya kumbura, suna gogayya a ɗan lungu. Ku ɗaga hannuwan mutum-mutumin kaɗan tun farko, ku rage lambar hannu ta gaza ta jiki. Idan shafi ya huda yadin waje ya leƙo, a daskarar da shi da Freeze, a bar na waje ya zauna, sannan a sake shi. Maɗaurin zif kuma sifili za ku ba shi, a jaket ta gaske ma a shafe yake.

Da komai ya natsu, sai a rage idon raga. Daga 20 na sauko 10, na bari ya zauna, sannan 5. Kada ku yi tsalle kai tsaye, domin duk lokacin da kuka raba lambar biyu, yawan idon ragar ninki huɗu yake yi. Daga 20 zuwa 5 ninki 16 ke nan, kuma yadi biyu ne. Mai ƙaramar laftof ya tsaya a 10 a shafi, ya ba wa na waje kaɗai 5, ba wanda zai ga ciki. A lokacin ne kuma za a rage Add'l Thickness na Collision, wato ratar da manhaja ke bari tsakanin yadi da abin da ya taɓa, daga 2.5 zuwa 1, don layin ɗinki ya nutse sosai maimakon ya tsaya da rata a tsakani.

Wani zai ce ai CLO tana da kayan aiki mai suna Fill, wanda zai yi shafin da kansa, ka zaɓi irin ciko da nauyinsa a giram. Gaskiya ne, kuma yana rage wahala. Na bi ta doguwar hanya ne da gangan, domin ranar da Fill ya ba ka riga guntuwa ko hammata mai rawa, waɗannan wuraren dai za ka koma ka duba.

Abu na ƙarshe, iska tana tura ko'ina daidai wa daida, ciko kuwa yana da nauyi kuma yana lotsawa. Ku sake kallon jaket ɗin hannuna: kafaɗa ta ɗan kwanta, gwiwar hannu ta lotsa, gaɓoɓin ƙasa sun fi na sama cika. Don haka na yanka fatan ɗin gaba a layi na biyu daga sama, na ɗinke shi, na ba wa ɓangaren kafaɗa 6, na bar ƙasa a 10. Na kunna. Yauwa, kun ga kafaɗar ta sauko ta bi jiki. Yanzu ku adana aikin da sabon suna kafin ku taɓa zif, shi za mu ɗora a darasi na gaba in sha Allahu. Wassalamu alaikum.