Ƙwarin da ke tsotse bonsai a ɓoye

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Saitama nake magana, a ƙasar Japan, kusa da unguwar Omiya, inda masu renon bonsai suka tare a 1925 bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923. Bonsai dai bishiya ce da ake reno a ɗan kasko, sai ka ga ta haura shekara ɗari tsayinta bai wuce gwiwa ba.

Ga tawa nan, 'yar bishiyar lemo ce. Bari in matso da kyamara. Kun ga waɗannan ƙurajen masu ruwan ƙasa a jikin reshe? Ƙwari ne, sun manne, sun rufe kansu da ɓawo, suna tsotse ruwan jikinta. Ba sa motsi, shi ya sa ido ke tsallake su. Tururuwa ce ke tona musu asiri, tana hawa tana sauka saboda kashinsu mai zaƙi. Taɓa ganyen, za ka ji danƙo kamar darɓa a gonar dawa, daga baya kuma baƙin fumfuna ya hau kai.

Feshi kaɗai ba ya kashe manyan, ɓawon nan yana kare su. Sai an sa hannu. Tsohon buroshin goge baki nake ɗauka in kankare su a hankali, na cikin lungu kuma in bi su da auduga da sifirit. Aikin na cin lokaci, amma wallahi bishiyar da aka yi shekaru ana lanƙwasa rassanta ta cancanci haka.

Lokacin feshi a nan Japan shi ne daga Mayu zuwa Yuli, sa'ad da ƙwai suka ƙyanƙyashe, 'ya'yan suna yawo ba ɓawo. Man darbejiya nake sa wa, wannan dai tamu ta ƙofar gida, ƙaramin cokali a lita ɗaya ta ruwa da ɗigon sabulu. Da yamma ake fesawa, don mai da zafin rana suna ƙona ganye, a kuma maimaita bayan mako guda. Da hunturu, masu sana'ar a nan wani mai suke fesawa da ke toshe wa ƙwarin numfashi.

Akwai kuma jan gizo-gizo ɗan mitsitsi mai son zafi da bushewa. Sa farar takarda a ƙasa ka girgiza reshe, in ka ga ɗigo-ɗigo na tafiya to shi ne, ka riƙa wanke bayan ganye da ruwa.

Wannan kaskon yanzu zan kai shi gefe shi kaɗai, kada ya shafa wa sauran.