Jawabin Maraba ga Mai Girma Perefen Diyamare (Babban Jami'in Mulkin Gundumar) a Taron Addu'ar Arba'in na Wakilin Ɗalibanmu a Marwa, Kamaru

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Perefen Diyamare, da wakilin Mai Martaba Lamiɗon Marwa, lawanai da masu unguwanni, Sarkin Hausawa, limamanmu, malaman Jami'ar Marwa da ɗalibanta, iyayenmu maza da mata.

Ranka ya daɗe, a madadin dattawa da matasan Hausawan unguwar Domayo, muna yi maka barka da zuwa, kai da 'yan rakiyarka. Da ka ga dama da ka aiko wakili da takardar ta'aziyya, kuma babu mai ganin laifinka, amma ka tako da ƙafarka ka zauna a tabarmar makoki tare da mahaifin yaron nan. Allah ya ba da ladan zumunci.

Ɗanmu da muka taru yi wa addu'a ɗalibi ne a Jami'ar Marwa, wadda buɗe ta a 2008 ya hutar da 'ya'yan talakawa da yawa tafiya Ngawundare ko Yawunde neman ilimi. Abokan karatunsa ne suka zaɓe shi wakilinsu. Zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin yawancinmu mu ji labarin ciwon har an yi kiran jana'iza. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin da unguwa ta fi saninsa da shi, ranka ya daɗe, shi ne maganar takardar haihuwa. A nan, mace takan haihu a ɗakinta, ran bakwai a yanka rago, liman ya raɗa suna, a watse, ba tare da wani ya tuna da ofishin magajin gari, inda ake rajistar haihuwa, ba. Idan wa'adin da doka ta tsayar ya wuce, sai an nemo takardar likita mai ƙiyasta shekarun yaro, a kawo shaidu, a tsaya gaban alƙali, kuma duk wannan kuɗi ne da zirga-zirga da mai sayar da goro ko ɗan kilando (ɗan acaɓa) ba ya iya ɗauka. Illar ba ta bayyana sai yaro ya kai aji shida, lokacin rajistar jarrabawar CEP ta kammala firamare. Nan karatu yake tsayawa, yarinya a yi mata aure, namiji ya shiga kasuwa, ya girma ba shi da katin shaidar ɗan ƙasa a yankin da shingayen bincike suka yawaita tun da rikicin Boko Haram ya iso mana.

Marigayi ya ɗauki wannan wahala ya ɗora wa kansa. Yakan bi gida-gida da littafinsa, ya yi wa iyaye bayani da Hausa ko Fulatanci, ya cika musu takardu da Faransanci, ya raka masu jin tsoron ofis har ƙofar kotu. Dabararsa da ta fi burge mu ita ce zuwa wurin ungozomomi da wanzamai da limamai, domin a ganinsa su ne ke fara sanin an yi haihuwa, saboda haka su ya kamata su fara tuna wa uba. Wasu dattawanmu, gaskiyar magana, sun ɗauke shi mai shisshigi da farko, sai da jikokinsu suka zauna jarrabawa suka koma sa masa albarka. Da ambaliyar 2024 ta mamaye garin Yagwa, yana cikin ɗaliban da suka tara tabarmi da gidan sauro da hatsi aka aika.

Roƙonmu biyu ne, ranka ya daɗe. Muna so ka sa baki kotu ta riƙa fitowa tana zama a unguwanni, yadda akan yi jefi-jefi, kuma a yi hakan kafin a rufe rajistar jarrabawa, tare da sassauta kuɗin ga marayu da 'ya'yan waɗanda rikici ya raba da garuruwansu. Sannan muna so ka haɗa abokan marigayi da wani jami'i tsayayye da za su riƙa kai wa sunaye, domin akwai yaran da ya rubuta bai kai ga gama maganarsu ba. Sunayen suna hannun ɗaliban, za su miƙa maka su yanzu.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba iyayensa haƙuri. Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya. Muna gayyatarka ka yi wa jama'a jawabi, daga nan liman ya ja mu addu'a.

Wassalamu alaikum.