Kafin Ku Sayi Sabuwar Manhaja: Zachman da TOGAF a Taƙaice

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku ɗauka ga kamfanin dillancin albasa a nan Sakkwato, yana da sito a cikin gari, wani a Illela, yana kuma lodi zuwa Legas. Akanta yana lissafi a manhaja ɗaya, mai kula da sito yana shigar da buhuna a wata, direbobi kuwa sai ta WhatsApp. Alhaji ya tambayi buhu nawa suka rage, a kawo masa amsa uku. An kashe kuɗi a kan kwamfutoci, amma ba manhajar da ta san abin da 'yar uwarta take ciki.

Maganin wannan shi ne a zana fasalin kamfani gaba ɗaya kafin a sayi komai, kamar yadda magini ba ya aza bulo sai ya ga zanen gida.

A 1987 John Zachman, ma'aikacin kamfanin kwamfuta na IBM a Amurka, ya wallafa tsarinsa na yin irin wannan zane, wanda daga baya ya tsaya a kan tambayoyi 6: me, ta yaya, a ina, wa, yaushe, don me. Kowace tambaya ana amsa ta daga mahanga daban-daban, tun daga shugaba har mai haɗa na'ura. Sai dai jadawali ne na adana amsoshi, bai gaya muku ta inda za ku fara ba.

Nan ne TOGAF, wani tsarin da ke nuna matakan da za a bi, ya shigo. Ƙungiyar The Open Group ta fitar da shi a 1995, bisa wani tsari na ma'aikatar tsaron Amurka, bugu na 10 kuma ya fito a 2022. Ya raba aikin gida 4, kuma jerin yana da muhimmanci. Kasuwanci ne farko: me ake so a cimma? A ce Alhaji yana son rage albasar da ke ruɓewa a sito. Sai bayanai: ranar da kowane buhu ya shigo, daga wace gona, wa ya karɓa. Sai manhajojin da za su riƙe bayanan. Na'urori su ne na ƙarshe, kuma a nan ake tambayar wuta, sola da ƙarfin intanet a Illela. Daga nan a kwatanta inda ake da inda ake son zuwa, a tsara cike giɓin daki-daki.

A ganina, TOGAF ya yi wa ƙaramin kamfani nauyi. Takardunsa kaɗai sai su cinye muku watanni. Ku ɗauki jerin nan na gida 4, ku bar sauran ga bankuna da ma'aikatu. Su ma ɗin, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta tanadar wa ma'aikatun gwamnatin tarayya nasu tsarin, mai suna NGEA.